Dodon Dutse a Wuyan Gimbiya

Ku matso. Ke Hansai, rage fitilar nan. Kai Dantala, ka sake yi mini dariya sai na murɗe maka kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba Gizo ba Ƙoƙi. Saniyata ce a ciki.

Gimbiya sunanta. Fara sol. Ita kaɗai Inna ta bar mini da ta rasu. Yayana Shekarau ne ke kora ta kiwo tare da shanun gidan nan. E, Shekarau ɗin da kuka sani, mai zama bakin zaure yana washe haƙora.

Kun san Dutsen Kurege, inda 'yan Chana suka yi ta fasa duwatsu? Da za su tashi suka kwashe komai, har ƙusa. Abu ɗaya suka bari a kan tagar ɗakinsu. Wani koren dutse, bai wuce dunƙulen hannu ba, sumul kamar an shafa masa mai. An sassaƙa masa kan zaki, ƙaho ɗaya, da fukafukai, bakinsa a wangale. Rana na dukansa, amma in ka taɓa, sanyi ƙalau.

Shekarau ya je kiwo wajen, ya ɗauka. Malam Barau mai gadin wurin ya ce masa, "Yaro, ajiye. Mai shi ya ce ya girmi kakan kakansa. Arziki yake haɗiyewa, ba ya fitarwa. Juya shi ka gani, baki ne kawai, ba mafita."

Mai hankali zai tambaya: mutanen da ba su bar ƙusa ba, me ya sa suka bar wannan? Shi Shekarau "arziki" kawai ya ji. Ya zura masa igiyar fata kamar laya. Kun zata wuyan bijiminsa ya ɗaura? Ina! Da kayan wani ake gwaji. Gimbiya ya rataya wa.

Ta fara ci. Ci ba ƙoshi. Ciyawa, kara, har danga. Da safe na je sharar garke, inda ta kwana fes, ko ɗigon kashi babu. Na kama hantsarta, a bushe. Ɗan maraƙinta ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Sai abin ya koma kan sauran shanun. Su ci, su sha, ba taki, ba nono. Tafkin fadama ma ya soma ja da baya.

Na ce, "Yaya, don Allah cire abin nan."

Ya ce, "Ke dai ba ki da haƙuri. Tarawa yake yi."

Tarawa! Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Ku yi shiru yanzu. Abin da ya biyo baya, da bakinsa ya faɗa, yana cikin zazzaɓi.

Rana tsaka ya bi hanyar fadama, shi kaɗai, yana jan Gimbiya. Ba iska. Tsuntsaye suka yi tsit. Sai ya ga wani gajeren tsoho zaune gindin tsamiya, ya lulluɓe da farin zane.

Ya yi sallama. Ba a amsa ba.

"Wa ya kawo mini baƙo gida?"

Leɓen tsohon bai motsa ba. Muryar daga ƙasa ta fito, daga ƙarƙashin ƙafar Shekarau.

"Baba, wane baƙo?"

"Kada ka ce mini Baba. Na zauna da kakanninka a fadamar nan. Shanunsu su ci ciyawata, su bar mini taki. Wanda ya ci ya mayar. Haka muke. Kai kuma ka kwaso mini mai ci ba ya mayarwa."

Tsohon ya miƙe. Zanen ya ɗage kaɗan. Kofato ne, irin na jaki.

Shekarau ya kai hannu zai tsinke igiyar. Ta ƙi. Ya sa wuƙa, wuƙar ta zame. Dutsen nan kuwa, da idonsa ya ga maƙogwaronsa na motsi.

"Ba ya saki sai ya riƙe wani abu," in ji muryar. "Sa masa ƙaramin yatsanka a baki. Zai ɗauka, ya saki saniyar, ni in binne shi inda ciyawa ba ta fita. Ko kuma ka bar mini su duka biyun, ka wuce."

Yatsa ɗaya fa. Ƙaramin, wanda ko loma ba ya yi.

Ya dubi hannunsa. Ya dubi Gimbiya. Ita kuwa baiwar Allah ta miƙo wuya ta lashi hannun. Wannan hannun dai.

Ya saki igiyar jan ta.

Bai ji takunsu ba. Ya ɗaga kai, ba tsoho, ba saniya. Sai igiyar da yake jan ta da ita ta faɗo gabansa, muryar ta ce, "Kai wa mai ita."

Washegari garke ya cika da taki, nono ya dawo, tafki ya ciko. Mutanen gidan nan suka yi ta hamdala. Wai Allah Ya taƙaita. Ya taƙaita a kan wa? Ɗan maraƙin bai kai damina ba.

Ga igiyar nan. Taɓa, Hansai. Kin ji? Ko a rana na shanya ta, haka take, sanyi ƙalau.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi hanyar fadama shi kaɗai. In kun ji ana tuƙa a bayanku, kuka ga ciyawa a aske ƙwal ba kashin shanu ko ɗaya, ku juya. Kada ku kira sunanta, ko da kun hango fari cikin duhuwa.

Gobe kuma in Shekarau ya zauna cin tuwo, ku dubi hannunsa. Yatsunsa cif, har yana lashe su.

Ku tashi ku kwanta. Ni barcin ya gudu.