Kofin Magariba

Aikin da aka ba ni bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. In ɗauki kofi mai murfi daga ɗakin masu jego, in kai ɗakin jarirai, in dawo da shi. Ni malamin kimiyya ne, na yi shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa duk abin da ba ya hawa sikeli a yi hattara da shi. Sai ga ni an mayar da ni ɗan aiken nono.

Ɗanmu bakwaini ne. Ya zo babu shiri, aka yi wa uwarsa aiki, shi kuma aka sa shi a kwalba, ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nan da ake kunna wa jarirai masu shawara. Uwar tana wannan ƙarshen asibitin, ɗinki ya hana ta doguwar tafiya. Ɗan yana wancan ƙarshen. Tsakaninsu akwai doguwar baranda, sai kuma ni.

Ƙa'idar ɗakin jarirai ita ce iyaye maza ba sa shiga. Akwai 'yar taga a bango can ƙarshen baranda. Ka ƙwanƙwasa, nas ta buɗe, ka gaya mata gadon ɗanka, ta juye nonon ta miƙo maka kofinka. Ganin yaro sai da safe, ta gilashi. Nawa yana kwalbar da ke kusa da ƙofa, an rufe masa ido da ɗan ƙyalle, ƙirjinsa yana hawa yana sauka kamar na ɗan tsako.

Barci kuwa mun raba gari. A benci nake kwana, in dai za a kira wannan kwana. Duk dangi sun zama likitoci. Yayata tana turo bidiyo, surukata tana cewa a zamaninsu ba a sa mutum a kwalba, ni kuma ina karatu a waya har na haddace sunayen cututtukan da ɗana bai riga ya samu damar kamuwa da su ba.

Wata magariba na ɗauko kofi. A asibitin nan wuta takan ɗauke da almuru, janareta kuma sai ya yi shawara da kansa kafin ya tashi. Ina tsakiyar baranda duhu ya rufe. Sai na ga shuɗin haske yana fitowa ta wata taga a gefen hagu, a rabin hanya. Na ce a raina, an buɗe taga ta biyu ke nan, hukumar asibiti ta tausaya wa ƙafafun jama'a. Wannan kaɗai ya isa ya sa ni zargi, amma na gaji.

Na ƙwanƙwasa. Hannu mai safa ya fito ya karɓa. Ba a tambaye ni gado ba, ni kuma na ɗauka an san ni ne, har na ji daɗi. Kofin ya dawo a wanke, a bushe, da sanyi kamar daga firji.

Haka na riƙa yi duk magariba. Da rana ina wucewa ba na lura da tagar, kuma ban damu ba. Mutumin da ya taɓa zuba sukari a cikin ruwan wanke hannu ba ya mamakin abin da idonsa ya tsallake.

Sai sikeli ya fara magana. Babbar nas, wadda kowa ke kira Sista, ta tare ni da safe a gaban gilashi ta ce yaron yana raguwa. Ta ce nonon safe na zuwa, na rana na zuwa, na magariba ne ba su taɓa gani ba, kuma cikin bakwaini ba ya jure tsallake. Na ce mata da hannuna nake kawowa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Baban bakwaini, ko dai a hanya kake shanyewa?"

Sauran iyayen da ke benci suka yi dariya. Ni ma na taya su, don ladabi. Da dariyar ta lafa ta rage murya ta ce in ya ƙara sauka, likita zai mayar masa da ƙarin ruwa, kuma jijiyoyinsa sun riga sun sha huda.

Da na gaya wa matata, ita ba ta yi dariya ba. Tana zaune bakin gado, ta juya wa ɗakin baya, tana tatsa tana cije leɓe. Abin da ke taruwa bai rufe gindin kofi ba.

"Malam, ka san yadda nake samun wannan ɗin kuwa?"

Na ce na sani. Na yi mata bayani mai ma'ana: canjin aiki ne, masu rana na tafiya, masu dare na shigowa, kofi na faɗawa tsakani. Na ce yau zan ga fuskar mai karɓa, in ji sunanta, gobe in kai ƙara. Ta rufe kofin ta miƙo mini da hannu biyu.

Na fito da almuru. Masu ziyara sun watse. Wani yana jan guga can nesa, ƙarar na bin bango. Warin maganin wanke ƙasa ya cika barandar. Wuta ta ɗauke a kan lokacinta, abu ɗaya tilo da asibitin ba ya makara a kai.

Shuɗin hasken yana nan.

Wannan karon na tsaya na saurara. Ɗakin jarirai na gaske ba ya shiru, injuna na ta ƙyas-ƙyas, nas-nas na hira. Nan babu inji. Kuka ne kawai, siriri, kamar na 'yan kyanwa a bayan gida, kuma ba na mutum ɗaya ba.

Na ƙwanƙwasa. Tagar ta buɗe. Wari ya fito, na nonon da ya kwana da na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Hannun ya fito. Safar ta tsufa, ta yi rawaya, yatsun sun miƙe ta har ta kusa yagewa. Ban saki kofin ba.

"Sista, ina son ganin fuskarki."

Sai murya, ƙasa-ƙasa, kusa da kunnena fiye da yadda ya kamata.

"Kaɗan ne yau."

"Iya abin da ta samu ke nan."

"Suna da yawa."

Na sunkuya na leƙa. Kwalabe ne jere, tsofaffi, ƙura ta rufe gilasansu. Ban ga fitila ko ɗaya ba, hasken dai yana nan. A cikin kowace kwalba wani abu na motsi.

Yatsun suka zagaye wuyan hannuna. Sanyi ya hau har gwiwar hannu.

"Ka gaji," in ji ta.

Tun da aka haifi yaron nan babu wanda ya gaya mini haka.

"Nan babu sikeli. Babu allura. Gaya mini gadonsa in ɗauko shi. Kai ka je ka kwanta."

Zan so in ce na yi kururuwa. Abin da na ji shi ne barci. Barci mai daɗi, mai nauyi, ya sauko mini tun daga ƙeya. Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Na kusa da ƙo..."

Kofin na tafin hannuna. Da ɗuminsa har yanzu, ɗumin jikin matata.

Na ciji harshena.

Na ja. Ta ja. Murfin ya ɓalle. Nonon ya zube a bakin taga, ya gangara ciki.

Kukan ya tsaya, gaba ɗaya, lokaci guda.

Sai na ji tsotso.

Yatsun suka sassauta. Na fizge. Na karanta duk addu'ar da na haddace, har da wadda ban san na haddace ba, kuma na gano cewa mai shekaruna yana iya gudu. Ina isa tagar ƙarshe janareta ya tashi.

Na buga har Sista ta buɗe da faɗa a bakinta. Ta ga kofi babu murfi, ta ga jini a leɓena, ta haɗiye faɗan. Na roƙe ta ta ɗauke ɗana daga kusa da ƙofa. Ta tambayi dalili, na ce iska. Ta ce kwalba a rufe take, iska ba ta shiga. Na ce don Allah. Ta yi tsaki, ta ce iyaye maza sun fi jariran wahalar reno, sannan ta mayar da shi kusa da teburinta.

Na koma na gaya wa matata nonon ya zube. Ta juya wa ɗakin baya ta sake farawa.

Da safe aka tarar kwalbar da ke kusa da ƙofa ta mutu, ta yi sanyi, 'yar ƙofar da ake sa hannu a buɗe. Babu kowa a ciki. Mai gyara ya ce wayar wuta ce ta ƙone. Na yarda da shi, ina son yarda da masu gyara. A rabin baranda kuma bango ne, da fentinsa. In ka matsa za ka ga shatin taga a ƙarƙashin fentin, da wani farin tabo da ƙudaje ba sa sauka a kai.

Rashin barci yana sa mutum ya ga abubuwa, wannan a rubuce yake, ni kaina na koyar da shi. Inda nonon magariba ya riƙa tafiya ne ban samu a littafi ba.

Yaron ya hau sikeli ya yi nauyi, aka sallame mu. Yanzu yana da muryar da maƙwabta suka sani. In ya tashe ni ba na ƙorafi, shirunsa ne ke tayar da ni zaune.

Abu ɗaya ya rage. Duk almuru, ko yaron ya ƙoshi yana barci, sai nono ya jiƙe wa matata riga. Na yi mata bayanin yadda jiki ke sabawa da lokaci. Ta saurare ni har na gama, idonta a kan taga.

"To," ta ce. "Amma kai ba ka jin su?"