Da Sauƙi Ba Amsa Ba Ce

A ɗakin allura suka fara haɗuwa. Shi ɗalibin likitanci ne da aka turo asibitin ƙauyen ya koyi aiki a hannun Likita, dattijon da ya tsufa yana duba mutanen yankin shi kaɗai. Ita nas ce, kuma autar Likita. Ya shigo a guje ya kifar mata da tiren auduga, nan take ta raɗa masa suna Gaggawa.

Sunan kuwa ya dace da shi. Wata safiya ya tambayi wani manomi jiki, manomin ya ce da sauƙi, ya sallame shi. Likita ya dawo da mutumin daga bakin ƙofa, ya tambaye shi gona da iyali, sannan ya sake tambayar jiki. Ashe bawan Allah ya daɗe yana tarin jini.

"Ɗana, da sauƙi gaisuwa ce," in ji Likita daga baya. "Ka sake tambaya, sannan ka yi shiru."

Soyayya dai ba ta jira ya gama koyon shirun ba.

"Autata, kin ci abinci?" ya rubuta mata.

"Na ci, Gaggawa. Kai fa, ka tauna kuwa, ko haɗiyewa ka yi?"

Da maganar ta kai kunnen Likita, ya ce bai yarda ba. Ɗalibai nawa ya koyar suka tafi, ko waya babu. Gara dillalin magungunan nan mai mota da ke son ta, shi aƙalla yana dawowa.

Ana haka Gaggawa ya hango Auta a motar dillalin. Kishi ya ci shi, bai tambayi ba'asi ba. Ranar da zai koma makaranta ya tura mata saƙo: "Na ga kin samu mai mota. Ni na tafi."

"Ba komai. Allah ya kiyaye hanya."

Sai da ya kai tasha ya sake karanta amsarta, ya tuna maganar Likita. Ya sauke jakarsa daga mota ya juya.

A ɗakin ajiyar magani ya same ta.

"Auta, ya kike?"

"Lafiya lau."

Ya zauna a kan kwali.

"Ya kike?" ya sake cewa, ya kame bakinsa, abin da ya fi komai yi masa wuya.

Ta daɗe tana jera kwalabe kafin hawaye su zubo.

"Mai motar rage mini hanya ya yi, a ranar na ba shi haƙuri. Kai nake so. Amma ba zan bar Baba shi kaɗai da asibitin nan ba. Hannunsa ya fara rawa, ba ka lura ba?"

Bai lura ba, kuma ya ji kunya ƙwarai.

Ya je ya durƙusa gaban Likita ya ce in ya gama karatu nan zai dawo aiki.

"Duk haka suke cewa," in ji dattijon.

Wannan dai ya dawo. An ɗaura aure ba tare da wata hayaniya ba, rabin mahalarta marasa lafiyar asibitin ne. Likita ya dafa kansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙurin juna."

Da suka koma aiki, masu jiran layi suka tambayi ina Likita.

"Barci yake yi," in ji Auta. "Don Allah kar a tashe shi."