Ruwan Tokar Ɗela

Muciya ta suɓuce daga hannun Ɗela.

Tun safe take juya tukunyar, sabulun ya ƙi kamawa. Man gyaɗa na yawo a sama, ruwan toka na kwance a ƙasa, kowa da harkarsa.

Duk ƙauyen Guci an san sharaɗin Inna Mariya. Tun da sabulun Faransawa ya cika kantunan Magariya, ta rantse ɗanta Muttaƙa ba zai auri wadda ba ta iya sabulun salo ba, kada sana'ar gidan ta mutu. Yau ce ranar gwajin Ɗela, tsakar gida cike da mata.

Inna ta leƙa tukunyar, ta taɓe baki.

"Wannan ai miya ce, 'yar nan."

Ɗela ta tsoma yatsa cikin ragowar ruwan tokar, ta murza. Babu santsi. Ita da ta ƙone karan gero da kanta, ta tace tokar har kaifinta ya sale mata yatsu...

"Inna, an ƙara masa ruwa. In ya yi salam, ba ya cin mai."

Idanu suka koma kan Tabawa, 'yar ƙanen Inna, wadda ta daɗe tana son Muttaƙa tana yi wa Ɗela ƙage. Tabawa ta hau rantsuwa tana kuka, ba mai saurarenta.

Sai murya ta fito daga bakin zaure.

"Ni ne."

Muttaƙa ne ya shigo. Ya ce da ya kawo man da safe ya ga yatsun Ɗela sun yi jajur, sai ya faki idonta ya juye ƙwaryar ruwan rijiya a cikin ruwan tokar, don tokar ta daina cinta.

"Na kasa kallon hannunki haka, masoyiyata..."

"Da ka bar ni da ciwona," Ɗela ta ce. "Yanzu da hannunka ka raba mu."

Inna Mariya ta daɗe tana kallon nata tafukan, duk tsaga. Ta ce tun tana amarya toka ke cin su, ko sannu wani namiji bai taɓa yi mata ba.

Sannan ta ɗauki muciyar, ta damƙa wa Ɗela.

"Wadda ta gane ruwa da ɗan yatsa ta iya sabulu. Ɗana ne bai iya ba. Na ba ki shi, amma kada ki sake barinsa kusa da tukunya."