Hawan Jinin Ranar Asabar

"Yau ma?" Dogo ya ce, yana hararar ƙofar gidanmu kamar ita ta yi masa laifi.

"Wallahi jiya Mama lafiyarta lau. Yau da safe kanta ya fara sarawa. Na auna, jinin ya hau sosai..."

"Kullum Asabar! Shi hawan jinin Mamanki kalanda gare shi?"

"Dogo! Uwata ce fa!"

"Ni ma ina da uba, Fitila. Sau nawa yana shiri zai zo neman aurenki, ki kira ki ce a ɗaga? Har kunyar haɗa ido da shi nake."

Shi ya raɗa min Fitila, ranar da ya zo gyara mana wutar lantarki na tsaya ina haska masa da waya. Da, in ya faɗi sunan har cikin raina nake jin sanyi. Yau babu ko ɗigon taushi a muryarsa.

Ya juya zai tafi, na riƙo hannun rigarsa.

"Masoyi, ka ƙara haƙuri..."

Ya fizge ya wuce. Maɓallin rigar ya tsinke ya zauna a tafin hannuna.

Tun rasuwar Abba ni ke jinyar Mama. Yaya ya yi aure ya kama gabansa, sai dai gaisuwa a waya da leƙowa jefi-jefi. Duk abin da likita ya ce na bi. Na rage gishiri har Yaya yana tsokanata wai girkina da ruwan famfo duk ɗaya. Safe da yamma ina zaunar da ita ta huta, in ɗora hannunta a kan tebur, in ɗaura mata na'urar awo. Ni ke miƙa mata ƙwaya da ruwa. Duk da haka jinin yau sama gobe ƙasa, kamar lilo.

Likita ya taɓa tambayata ko tana tsallake magani, ya ce hakan kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Har haushinsa na ji. Ni zai gaya wa kula da uwa?

Na shiga ɗakin Mama ina share hawaye. Tana kwance, fuskarta na kallon bango. Na jawo aljihun keken ɗinkinta, na ɗauko tsohon gwangwanin da take tara maɓallai, don in adana na Dogo kafin ya dawo in mayar masa.

Na buɗe... sai na ga wasu fararen maɓallai ƙanana marasa huji.

Na ɗauki ɗaya na juya. Ƙwayar hawan jini ce. Na zazzage gwangwanin a kan tebur, ga su nan birjik, wasu duk sun zaizaye alamar sun taɓa shiga baki.

"Mama."

Ta ƙara matsawa jikin bango.

"Mama, tashi ki gaya min mene ne wannan!"

Ta juyo. Tana ganin tebur ta sunkuyar da kai.

"Auta..."

"Kar ki ce min Auta! Da hannuna nake ba ki, a gabana kike shan ruwa!"

"A gefen kumatu nake riƙewa," ta ce a hankali. "Ba kullum ba. In kin ce baban Dogo zai zo Asabar, sai in daina sha tun tsakiyar mako."

Duk kukan da na yi a asibiti, duk roƙon da na yi wa Dogo, ashe ita ke ɗaga jinin da kanta!

"Kin san za ki iya shanyewa? Kin san za ki iya mutuwa?"

"In kin tafi wa zan gani a gidan nan? Abbanku ya tafi, Yayanki ya tafi..."

"Ai Dogo ya ce kusa da ke za mu zauna!"

"Haka Yayanki ma ya ce."

Na kira Yaya a gabanta na gaya masa. Sai ya ce, "Au, kin gani? Ni ma na taɓa kama ta. Na yi mata faɗa... amma ki duba, in kika tafi yanzu wa zai riƙe ta? Kin san aikina."

Na kashe wayar. Su biyun da na fi yarda da su a duniya, sun zuba min ido ina ƙonewa. Abin ya yi min ciwo, ciwon da har yau bai sake ni ba.

Washegari na sami Dogo a shagonsa yana kwance wata fanka. Na gaya masa komai. Na ɗauka zai yi murna, tunda matsalar ta ƙare.

Ya ajiye sukudireba, idanunsa sun kaɗa.

"Na yarda da ke, Fitila. Amma kin ji abin da kika faɗa? Mahaifiyarki ta gwammace ta mutu da ta ba ni ke."

"Tsoro ne kawai, masoyi! Ba ƙinka take ba!"

"In muka yi aure ta sake, ta faɗi? Duk ranar da kika kalle ni, wanda ya kashe miki uwa za ki gani. Ba zan iya ba."

"Ka zo Asabar... don Allah, sau ɗaya."

Ya ɗauki sukudirebansa ya koma kan fankar.

Duk makon, Mama da kanta take kirana lokacin magani. Ta haɗiye, ta wangale baki, ta ɗaga harshe kamar ƙaramar yarinya.

"Kin gani, Auta?"

Sai in karɓi kofin ruwan in fice.

Ranar Asabar ta yi wanka ta sa kayanta masu kyau, ta zauna a falo. Ta miƙo min hannu na ɗaura na'urar. Jinin daidai, tunda aka sayo na'urar ban taɓa ganinsa haka ba.

"Kira Dogo ki gaya masa," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Ki ce lafiyata lau."

Na kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Muka zauna muna kallon ƙofa, ita da na'ura a hannu, ni da maɓalli a nawa, har rana ta faɗi. Ba wanda ya ƙwanƙwasa.