Rigar Sanyin Mai Goyo

Allurar keke ta soki gefen yatsan Auta, amma ba ta ji zafin ba.

Idonta na kan wayar da Gwaggo ta dosa mata a fuska.

"Duba da kyau, ƴar nan. Kar gobe ki ce Gwaggo ce ta ƙulla sharri. Rigar wa ce wannan?"

Wata doguwar mace ce a hoton, tana dariya a gindin wani dutse mai ƙanƙara a ka. Rigar sanyi ce a jikinta, ruwan toka, mai aljihu ciki da waje. A bakin hannun hagu ga ɗan reshe da aka zana da jan zare.

Auta ta san reshen nan. Sau biyu ta farke shi kafin ya zauna yadda take so.

"Tawa ce... ni na ɗinka masa."

"To, kin ɗinka wa kishiya tun kafin ki shiga ɗakin," in ji Gwaggo, ta tura wayar cikin jaka. "Allah Ya saka wa Mai Kemis da alheri, shi ya gano. Da har yanzu muna nan muna jiran gawon shanu."

Baba na kan teburin yanka a gaban shago, almakashi a hannu. Bai juyo ba. Tela ne da ya tsufa a kan keke, kuma in ya yi shiru irin wannan, har masu kawo ɗinki kan sassauta murya.

Wanda ake maganarsa kuwa, duk layin Mai Goyo suke kiransa. Da ya gama makaranta, sa'anninsa na neman kujerar ofis, shi sai ya sayi wata ƙatuwar jaka mai igiyoyi ya saɓa a baya kamar mace da jinjiri, ya ce zai je ya ga duniya. Ba ɗan masu kuɗi ba ne. Inda ya sauka zai wanke kwanuka ko ya gyara gadaje a ba shi makwanci. In lokacin girbi ne ya shiga gona. In babbar mota ta tsaya masa ya hau bayanta, in ba ta tsaya ba ya taka da ƙafa.

Jakar ce ta haɗa su. Igiyarta ta tsinke ana saura kwanaki ya tashi, ya kawo gyara, Auta ta ɗinke. Washegari ya dawo da wata igiyar a tsinke. Da ya dawo karo na uku sai ta ɗaga igiyar ta ce, "Malam, wannan da reza aka yanka ta."

Ya sunkuyar da kai yana dariya. Shi ke nan.

Kafin ya tafi ya aiko kawunsa wajen Baba. Baba ya ce tsuntsun da ke sama ba a yi masa alkawarin sheƙa, amma ya ba shi shekara biyu. Yanzu ga shekara biyun sun cika har an ɗora, babu shi babu dalilinsa sai saƙon murya jefi-jefi. Sai kuma wannan hoton.

Ranar Auta ta toshe lambarsa. Ko "me ya faru" ba ta tambaye shi ba. Ƴan mata, wannan kuskure ne, na faɗa muku. Fushi ba ya tambaya, shi ya sa ba ya samun amsa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai Kemis, wanda shagonsa ke tsallaken titi, ya fara zarya. Yau ya kawo wa Baba man shafa na ciwon gwiwa, gobe ya kawo wando wanda lafiyarsa ƙalau ya ce a rage masa.

"Auta, ni ba na zuwa ko'ina," ya ce mata wata rana, yana karkaɗa makullan shago. "Kullum kika ɗaga kai za ki gan ni."

"Abin da ke damuna ke nan," ta ce a ranta. A fili kuma ta ce, "Wandonka ya yi, ga shi."

Ta rame. Ta ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu, abin da ba ta yi ba tun tana koyo. Baba ya ɗaga rigar ya duba, ya ajiye.

"Ranar Juma'a zan ba Mai Kemis amsa," ya ce. "Ba zan yi miki dole ba. Amma ba zan zuba ido kina narkewa a kan wanda ya tufatar da wata da guminki ba. In ba ki da ta cewa kafin nan, ni ina da ita."

Me za ta ce? Gani ya kori ji.

Ana jibi Juma'a, da hantsi, inuwa ta tsaya a ƙofar shago.

"Salamu alaikum. Ana gyaran jaka a nan?"

Ƙafar Auta ta tsaya cak a kan keke.

Mai Goyo ne. Ya yi baƙi, ya bushe, takalminsa ɗaya an ɗaure shi da waya. Jakar ta koɗe har ba a gane asalin launinta. Ya sauke ta, ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo da ke zaune kan benci tana jiran ɗinkinta.

"Oh, namiji da goyo ya dawo," in ji Gwaggo. "Ina ka baro uwar ɗan?"

Bai gane ba. Ya leƙa bayan labulen da Auta ke ɗinki.

"Auta... hasken idona, me na yi? Kiran duniya na yi, ba ya shiga."

Ta fito. Ta tsaya ƙyam a gabansa.

"Ina rigata?"

Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Rigar? Ai kin ga abin alfahari. Rigar nan ta fi ni yawo yanzu, ta..."

"Ka ba wata."

"Ban ba ta ba, a kwando ta ɗauka."

"A kwando," in ji Baba a hankali. Ya ajiye almakashi. "Zauna, yaro. Yi mana bayanin kwandon."

Mai Goyo ya zauna a ƙasa, sai a lokacin jikinsa ya ba shi akwai matsala. Ya ce a masaukin matafiya irinsu, inda ake kwana a gadaje hawa-hawa, akan ajiye kwando a bakin ƙofa. Wanda ya fito daga ƙasar sanyi zai shiga ta zafi sai ya bar kayan sanyinsa a ciki. Wanda zai hau sama kuma ba shi da su sai ya ɗauka. Ba saye, ba sayarwa. Duk abin da mutum ya mallaka a bayansa yake, har mariƙin buroshin haƙori sukan gutsire don rage nauyi.

"Ta raka ni cikin sanyin da ke fasa leɓe, Baba. Da ba don ita ba da na mutu. Da zan gangara inda ake zufa, na ga in na cusa ta ƙasan jaka danshi zai cinye ta. Na sa ta a kwando, na maƙala lambata a aljihu na ce duk wanda ya ɗauka ya aiko mini hoto. Ai na sa hotunan duka a shafina na intanet, na rubuta sunan wadda ta ɗinka."

Ya miƙa wayarsa mai fasasshen gilashi. Auta ta ƙi karɓa. Baba ne ya karɓa, ya gyara tabarau.

Ga matar nan dai. Amma a wannan hoton ba ita kaɗai ba ce, ga mijinta riƙe da kafaɗarta, ga yarinya a wuyansa. An yanke su ne a wanda aka nuna wa Gwaggo. Baba ya ja yatsa. Ga rigar a jikin wani tsoho mai farin gemu a kan jirgin ruwa. Ga ta a jikin wani ƙato, ta ƙi rufe masa ciki. Ga ta an lulluɓe wasu ƴan biyu da ita a tashar jirgin ƙasa.

Gwaggo ta leƙo ta kafaɗar ƙaninta.

"Ikon Allah. Wannan mai tumbin zai ɓarke ta."

"Ba za ta ɓarke ba," in ji Baba. "Ɗinki biyu ta yi wa hammatar."

Gwaggo ta miƙe ta gyara mayafi, ta dubi tsallaken titi. Mai Kemis na tsaye a ƙofarsa yana miƙa wuya. Da suka haɗa ido sai ya koma ciki ya hau jera kwalabe.

"Ni zai mai da ƴar aike? Bari in je in sayi maganin ciwon kai," ta ce. "Shi zai sha."

Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Auta ta zame ta zauna kan buhun ƙyallaye. Wani abu da ya tokare mata ƙirji tun ranar nan ya sauka, har ta ji iska na shiga inda ta daɗe ba ta shiga ba. Babu wata. Ashe babu wata...

Sai kuma hawaye suka zo, da wani fushin daban.

"Ka san yadda na ɗinka ta? A ɓoye, da ragowar yadi, ina tsoron Baba ya gani..."

"Na gani," in ji Baba.

"...ina ɗinki ina cewa ko ba na kusa ita tana jikinka. Kai kuma ka jefa ta kwando kamar tsumma."

"Wallahi girmama ta na yi, Auta. A wajenmu abin da ka fi so shi kake barin wa..."

"A wajenku. Ni a wajenku nake?"

Ya zagaya duniya, amma wannan bai taɓa faɗo masa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

"Na yi kuskure," ya ce. "Da na tambaye ki. Ki yafe mini, sanyin raina."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Laifin mace mun wanke ka. Saura nawa. Na ba ka shekara biyu, ka wuce. Kyan alkawari cikawa. Sannan na ji ka da kunnena, kun saba in abu ya yi nauyi ku ajiye ku wuce. To aure nauyi ne, yaro. Akwai ciwo, akwai haihuwa, akwai ranar da ba ta da daɗin magana, kamar yau. Ranar da ƴata ta yi maka nauyi, a wane kwando za ka bar ta?"

Auta ta daina kuka, tana jira. Ta san daga bakinsa amsar Juma'a za ta fito.

Mai Goyo ya ɗago kai ya dubi Baba.

"Kaya ake bari a kwando, Baba. Mutum ba a barinsa. Abin da ya sa na makara ke nan. Na haɗu da wani a hanya, ban san shi ba, ko yarensa ba na ji sosai, mun dai ce mu tsallake wani daji tare. Ya karye a ƙafa. Na ɗauki jakarsa a gaba, tawa a baya, shi a kafaɗa, har muka fita. Na zauna da shi ina aikin wanke-wanke har ya taka. Jirgin da zan biyo ya tafi ya bar ni. Na so in faɗa wa Auta, na ji tsoron kar ta tayar da hankali."

Ya ja wuyan rigarsa. Inda igiyoyi suka ci naman kafaɗa ya warke ya bar tabo baƙi, hagu da dama.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki almakashinsa.

"Magana ba ta da wuya. Za ka zauna a garin nan shekara guda, ka yi aiki wuri ɗaya inda zan riƙa ganin ka. In ƙafarka ta iya zama, to."

"Na yarda, Baba."

"Ban gama ba. Ka sayi takalmi."

Auta ta yi dariya cikin hawaye, ta rufe baki da mayafi.

Ya zauna. Ya kama aiki a wani masauki kusa da tasha, yana karɓar baƙi. Watannin farko in mota ta yi ƙaho sai ka ga ƙafarsa na motsi, amma bai bi ba. Mahaƙurci mawadaci. Da shekara ta zagayo Baba da kansa ya aika a kira kawunsa, aka ɗaura aure. Mai Kemis bai zo ba, Gwaggo ta ce wai ciwon kan bai sake shi ba.

Bayan biki da ɗan lokaci Auta ta shigo shago da yadi ruwan toka, ta shimfiɗa a teburin yanka. Mijin na biye da ita. Ta sa shi ya buɗe hannuwa, ta ɗora tef a kafaɗarsa.

"Tsaya sosai mana. Ka yi ƙiba."

"Laifin wa?"

Baba ya shafa yadin, ya auna da kamu, ya sake aunawa.

"Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Na mutum biyu ne, Baba... In ka yarda. Ina so in ga dutsen nan da idona."

Baba ya dubi surukin, ya dubi autarsa. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi tef ɗin.

"Juyo in gwada ki. Taki ni zan ɗinka. Kuma ku ji ni da kyau, ku biyun: rigar nan aro na ba ta. Da hannunta za ta dawo mini da ita."