Murfin da Auta Bai Rufe Ba

Gab da magariba Auta ya buɗe gidan yayansa don ya ba kifi abinci, kamar yadda ya saba tun da aka kwantar da Yaya a asibiti. Kifaye biyu Yaya ya bar masa a akwatin gilashi mai ruwan gishiri, irin na teku masu binne kansu a yashi in rana ta faɗi. Shi ya koya masa bambanta su: namijin kore ne, da jan zane a kumatu, macen ruwan lemo, da baƙin ɗigo a gadon baya.

"Amana ce," in ji Yaya ranar da ya bar masa su. "Tsohon masuncin da ya ba ni ya ce kada a raba su. Ka riƙa rufe murfin, tsalle gare su."

Auta bai rufe ba. Sati uku ke nan da ya tarar da namijin a ƙasa, ya bushe kamar ganye. Ya naɗe shi a takarda ya jefa a shara. Duk lokacin da Yaya ya tambaya, sai ya ce, "Lafiyarsu ƙalau." Kunya na cin ransa, amma gogan naka akwai dabara. Ya san a wannan jinsi, in namiji ya mutu, macen kan rikiɗe ta zama namiji. Sai ya sayo ƙaramar mace ya saka, ya zauna jiran asirinsa ya rufu.

Yau ya sunkuya ya duba tsohuwar macen. Lallai ta fara kore. Ɗigon ya dushe, jan zane ya fito.

Injin da ke hura wa ruwan kifin iska ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit. Ƙarnin busasshen kifi ya cika masa hanci.

Ya taka wani abu mai sanyi. Sawun ƙafa ne na ruwa, daga akwatin zuwa bayansa.

A gilashin ya ga wata mata tsaye dab da kafaɗarsa. Rabin fuskarta kore.

"Auta," ta ce cikin raɗa. "Ina mijina?"



"Dubi abin da ka mai da ni," ta ƙara cewa.

Jiƙaƙƙun yatsu masu yashi suka taɓa wuyansa.

Da ƙyar ya ja a'uziyya. Ya banki ƙofa, ya fice ba takalmi.

Bai tsaya ba sai asibiti. Ya durƙusa gaban gado ya faɗi komai, hawaye na zuba. 

"Sati uku ke nan wata mata ke zuwar mini duk magariba," in ji Yaya. "Zaninta na ɗigar ruwa, tana tambayar mijinta. Kullum sai in ce mata yana nan lafiya, ƙanena ne ya faɗa, shi kuwa ba ya ƙarya."

Yaya ya warke, ya koma gida, bai ƙara ta da maganar ba. Sai dai tun daga ranar, duk abin da Auta ya ce masa lafiya lau yake, sai ya tashi ya je ya duba da kansa.