Ɗalibin Kujerar Baya

Kafin in fara, ina neman afuwar mai karatu. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fara fito mini, saboda haka hannuna bai nuna ba. Labarin ne ya fi ƙarfin in yi shiru da shi. Ga shi kamar yadda ya zo mini.

Akwai wani malamin kwamfuta wanda ba ya ƙarƙashin kowa. Ba shi da ofis, ba shi da maigida. Inda aka kira shi nan yake zuwa. Wannan mako ya koya wa ma'aikatan wani kamfani yadda za su tsare bayanansu, mako mai zuwa ya yi jawabi gaban taro a wata ƙasa. A tsakani kuma, a kujerun jiran jirgi, yake rubuta littattafansa da kwamfuta a kan gwiwa. Mutane suna sha'awar rayuwarsa. Shi kuwa ya san ɗakunan otal duk kamanninsu ɗaya: farin zanin gado, ƙaramin sabulu, labule mai kauri, da kofuna biyu waɗanda ɗaya kawai yake taɓawa.

Duk duniya Malam ake ce masa, ban da mahaifiyarsa da yayarsa, su kam Auta suke ce masa. Mahaifiyar, wato Inna, idanunta sun daina gani, da murya take gane mutane. Yayar kuwa ma'aikaciyar jinya ce, da yamma take fita aiki, ta bar tsohuwar ita kaɗai a gida da sakata a ƙofa.

Malam yana da wata al'ada. Ana gobe zai yi jawabi, sai ya tafi zauren taron da yamma, lokacin da babu kowa, ya gwada makirufo, ya yi jawabin nan tun daga farko har ƙarshe ga kujerun da ba kowa a kansu. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufewa, ko da mutane ko babu: "Duk wanda bai gane ba ya biyo ni, ƙofata a buɗe take."

Wata yamma, a wani gari da bai taɓa zuwa ba, yana tafiya a ƙafa zuwa zauren da jakarsa a kafaɗa, sai yayarsa ta kira.

"Auta mai jaka! Yau a wace duniya kake?"

"Ni ma sai na duba tikiti, Yaya."

"To, wa ya yi maka wa'azi ne? Kwanan nan kullum magariba sai ka kira Inna, ku yi ta hira har abincinta ya huce."

Ya yi dariya. Ya ɗauka gatse take yi masa, domin rabonsa da kiran Inna an daɗe.

"Na ji, na yi laifi. Zan kira ta."

"Wane laifi kuma? Ai har ta sa na share maka ɗaki, tunda ka ce kana hanya. Bari in gudu, na makara."

Ta kashe wayar. Ya tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa. Bai ce wa kowa yana hanya ba. Sai ya gaya wa kansa tsufa ne, mafarki ne ya haɗe wa Inna da ido biyu. Ya ci gaba da tafiya.

A ƙofar zauren ya tarar da mai gadi yana ɗaure jakarsa a bayan keke. Mai gadin ya dube shi, ya waiga ya dubi ƙofar, ya sake dubansa.

"Ashe ba kai ne a ciki ba, Malam?"

"Yanzu na iso."

"Na ji kamar kana gwada lasifika tun ɗazu." Ya sosa kunne. "Kunnen nan ya fara yi mini ƙarya. Ga makulli, in ka gama ka ja ƙofa."

Zauren dogo ne, ƙofarsa ɗaya ce, a can baya. Kujerun irin masu naɗewa ne, waɗanda suke ɗagewa da kansu idan an tashi. Hasken yamma yana shigowa ja ta tagogin sama. Wurin yana warin tsohon kafet da man goge katako. Malam ya gangara ya hau dandamali, ya jona kwamfutarsa da majigi, ya kunna makirufo, ya ɗan buga shi da yatsa.

"Kuna jina?"

Muryarsa ta tafi ƙarshen zauren ta dawo. Kuna jina.

Ya fara jawabi. Yana jin daɗin wannan lokaci fiye da taron kansa, domin kujeru ba sa duba waya, ba sa hamma. Ya yi bayanin yadda murya take shiga waya a wata ƙasa ta fito a wata. Ya yi barkwancin da ya saba yi, ya tsaya daidai inda mutane suke dariya.

A wannan shirun ne ya lura amsa-kuwwar tana makara. Sai ya gama jimla, a yi ɗan jim, sannan ta dawo.

Ya rage ƙarar lasifika. Ya ci gaba. Da ya zo ƙarshe ya buɗe baki zai rufe da maganar da ya saba.

Amsa-kuwwar ta riga shi.

"Ƙofata a buɗe take."

Bakinsa yana buɗe. Bai ce komai ba tukuna.

A can layin baya, kusa da ƙofa, wata kujera ta sauko a hankali. Ƙiiii. Ta tsaya a sauke, kamar an zauna.

Wani wari ya cika zauren, irin na wayar lantarki da ta ƙone, haɗe da sanyin toka da aka zuba wa ruwa.

"Malam," in ji wata murya, ƙasa-ƙasa. "Ina da tambaya."

Muryarsa ce. Har da 'yar dusashewar da yawan magana ta bar masa.

"Wa ke nan?" in ji Malam.

"Ɗalibinka. Ban taɓa fashi ba. Duk zauren da ka yi magana babu kowa, ina kujerar baya."

Hasken tagogin ya koma ruwan toka. A kujerar yanzu akwai wani duhu mai kafaɗu.

"Kai ka ce in biyo ka," in ji muryar. "Babu wanda ya taɓa ce mini haka. Na daɗe a zaurukan nan, ana shiga ana fita, ba a ko dubi inda nake. Sai kai."

Malam ya lalubi makunnin makirufo ya kashe.

"Na koyi komai," muryar ta ci gaba. "Na koyi yadda murya take shiga waya. Ina kiran Inna. Tana jin daɗi. Gwiwarta ta hagu tana damunta, ka sani?"

Bai sani ba.

"Abu ɗaya ya rage. Na ce mata ina zuwa. Ta ce in na iso in faɗi abin da na saba faɗa a ƙofa, za ta zare sakata."

Malam ya san abin da ake nufi. Tun yana ƙaramin yaro, idan ya dawo daga makaranta ya ƙwanƙwasa, Inna takan ce wa ke nan, shi kuma ya ba da wata amsa ta shirme irin ta yara. Ya girma bai daina ba. Ko Yaya ba ta san ta ba.

"Me kake cewa a ƙofa, Malam?"

Ya girgiza kai.

"Kai ba ka zuwa. Ɗakinka a can babu kowa. Ni zan je in zauna."

Jar fitilar makirufon ta kunna kanta.

"Malami ba ya barin tambaya ba amsa. Kai ka faɗa."

Shi ya faɗa, a zauruka ba adadi. Yanzu kuma ya ji amsar tana hawowa daga ƙirjinsa, kamar ana jan zare. Ta iso maƙogwaro. Harshensa ya ɗaga da kansa.

Ya cije shi.

Jini ya cika masa baki.

Ya diro daga dandamali, ya bar kwamfutar a nan. Ƙofa ɗaya ce. Dole ya wuce kujerar.

Ya yi gudu, kansa a sunkuye. Kujerun gefe suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, suna binsa. Ƙi. Ƙi. Ƙi.

Bai so ya duba ba. Amma ya ga takalma irin nasa, duddugen ya cinye ta gefe ɗaya. Ya ga jaka irin tasa a kan gwiwa.

Fuskar kuwa baƙa ce sumul, kamar allon kwamfutar da aka kashe. Ya ga kansa a ciki, bakinsa yana motsi.

Wani sanyi ya kama masa hannun riga.

"Malam. Ban gane ba."

Ya fizge. Rigar ta yage. Ya faɗa waje a kan tsakuwa.

A cikin motar haya ya kira lambar Inna. Wayar ta ce masa ana magana a layin. Ya sake kira. Ana magana. Ya kira Yaya, wayarta a kashe, tana bakin aiki. Ko da ya samu Inna ma, me zai ce? Da wace murya zai rantse cewa shi ne?

Ya hau jirgin farko da ya samu. Bai yi barci ba, domin yana tsoron ya yi magana cikin barci. Ya ɗaure bakinsa da ƙyalle, mutumin da ke kusa da shi ya ɗauka ciwon haƙori ne.

Washegari da magariba ya iso ƙofar gidansu. Yaya ta riga ta fita. Ya ƙwanƙwasa.

Ya ji jan silifas, da sandar Inna tana taɓa bango.

"Wa ke nan?"

Zai amsa, sai ya ji warin ƙonanniyar waya a bayan wuyansa. Wani abu yana tsaye dab da shi, ya daina ko numfashi, yana saurare.

Ya rufe baki.

"Wa ke nan, na ce?"

"Ni ne, Inna," in ji muryar daga bayan kafaɗarsa, cikin fara'a. "Autanki ne. Buɗe, na gaji."

"To, faɗi."

Shiru.

Mutumin da ya zaga duniya yana cin abinci da bakinsa ya tsaya a ƙofar uwarsa, ba shi da kalma ɗaya da zai iya furtawa. Ya durƙusa. A ƙasan ƙofar akwai 'yar rata, inda katako ya cinye. Ya kwantar da hannunsa na dama a ƙasa, ya tura yatsunsa ta ciki.

Ya jira.

Ya ji nishin Inna, gwiwarta tana ƙara yayin da take sunkuyawa. Wasu busassun yatsu suka sauka a kan nasa. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a kan ƙaramin yatsan, wanda ya karye yana yaro ya warke a karkace. Ita ce ta ɗaure shi a lokacin.

"Mai hannun nan kaɗai ya shigo," in ji ta da ƙarfi. "Waninsa ban ba shi izini ba."

Sakata ta zame. Ta jawo shi ciki da ƙarfin da bai san tana da shi ba, ta mayar da ƙofa.

A waje aka yi wata doguwar ajiyar zuciya.

Bayan ya sha ruwa, harshensa a kumbure, ya tambaye ta da ƙyar yadda aka yi ta yi shakka tun farko.

"Murya taka ce, babu ko tantama," in ji Inna, tana shafa masa kai. "Amma shi in ya ce yaya jikina, yakan tsaya ya ji amsa. Kai kuwa, Auta, kullum jirgi zai tashi ya bar ka."

Ya kifa goshinsa a kan gwiwarta mai ciwo.

Malam bai bar sana'arsa ba, amma ya rage tafiya, kuma ba ya kwana da yawa a waje. Ba ya shiga zaure sai mutane sun cika shi. Idan ya gama jawabi yakan ce, "Darasi ya ƙare," ya sauka. Maganar ƙofar nan ta yarinta bai sake furta ta ba. Ni ma bai gaya mini ba, ban kuma tambaya ba. Idan ya dawo gida, hannu yake turawa.

Wayar Inna dai ba ta daina ƙara da magariba ba, ko da Malam yana zaune a gefenta. Ya so ya canza mata lamba, ta hana.

"Bar shi," in ji ta. "Ba zan buɗe masa ba. Amma shi ma ba shi da kowa."

Sai ta ɗauka ta kara a kunne. Shi kuma ya zauna yana jin muryarsa siririya tana fitowa daga wayar, tana tambayar uwarsa yaya gwiwa, sannan ta yi shiru tana jiran amsa.

Iyakar abin da na ji ke nan. Inda na yi kuskuren harafi ko na kalma, ina roƙon masu ilimi su gyara mini, su kuma yi haƙuri da hannun da ya makara.